William Hall: ɗan bayin da ya samu babbar lambar jarumta ta Ingila, aka binne shi a kabari marar suna

A gidan tarihin harkokin teku da ke birnin Halifax na ƙasar Kanada, ana ajiye da wasu lambobin yabo guda huɗu na wani tsohon sojan ruwa. Uku daga ciki na azurfa ne. Ta huɗun ta tagulla ce, ba ta ƙyalli, nauyinta bai kai giram 30 ba, amma ita ce mutane ke zuwa gani. Sunanta Victoria Cross, lambar jarumta mafi daraja a rundunar sojan Birtaniya. Mai ita shi ne William Hall, ɗan wasu bayi da suka gudo daga Amurka, kuma baƙar fata na farko da aka taɓa ba wannan lamba.

Hall ya rasu a 1904. Kimanin shekara 40 yana kwance a kabarin da babu ko dutse mai ɗauke da sunansa, lambobinsa kuma suna can ƙetaren teku a Ingila. Abin da ya sake haɗa mutumin da lambobinsa shi ne aikin da masu tara kayan tarihin soja ke yi kullum: a ɗauki ƙarfe, a gwada shi da takarda, a tabbatar na wane ne.

Iyayen da suka gudo daga bauta

A lokacin yaƙin da aka fara a 1812 tsakanin Amurka da Birtaniya, jiragen ruwan yaƙin Ingila sun mamaye gaɓar tekun jihohin Maryland da Virginia. A watan Afrilun 1814, kwamandan jiragen, Alexander Cochrane, ya yi shelar cewa duk wanda ya gudo wajensu za a karɓe shi, ko dai ya shiga soja ko a kai shi wata ƙasa da ke hannun Ingila ya zauna a matsayin ɗa. Dubban bayi suka amsa wannan kira, aka kai kimanin 2,000 daga cikinsu yankin Nova Scotia da ke gabashin Kanada ta yau.

Jacob da Lucy Hall na cikin waɗannan mutane. Sun tarar da ƙasa mai tsananin sanyi, filayen da aka raba wa baƙaƙen fata kuma galibi duwatsu ne da ba sa noma. Jacob ya yi aiki a wurin ƙera jiragen ruwa har ya samu abin sayen gona a Horton, kusa da bakin kogin Avon. A nan aka haifi William.

Tun daga haihuwarsa takardu suka fara saɓani. Akasarin littattafai na cewa 1827, wasu kuma 1829. Sunansa na tsakiya ma wasu na rubuta Edward, wasu Nelson. An daɗe ana ba da labarin cewa daga cikin jirgin bayi da ya taso daga Afirka aka ceto mahaifinsa, sai daga baya bincike a tsofaffin takardu ya nuna cewa daga Maryland iyayen suka fito. Haka tarihin talaka yake, ba a rubuta shi da kulawa sai bayan ya yi suna.

Daga jiragen ƴan kasuwa zuwa Kirimiya

William ya taso a yankin da kusan kowane gida ke ci daga teku. Ya fara da aiki a ma'aikatar ƙera jirage ta garin Hantsport, yana da shekara 17 ya shiga jiragen ƴan kasuwa. Daga 1847 zuwa 1849 ya yi aiki a rundunar sojan ruwan Amurka, a wani jirgi mai suna Ohio, wato ƙarƙashin tutar ƙasar da har a lokacin take bautar da irinsa. A watan Fabrairun 1852 ya shiga sojan ruwan Ingila, aka tura shi jirgin yaƙi mai suna Rodney.

Bayan shekara biyu, Ingila da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha domin mara wa Daular Usmaniyya baya. Shi ne yaƙin Kirimiya. Sojojin ƙasa ba su da isassun manyan bindigogi, sai aka sauko da igwogin jirage tare da masu harba su zuwa tudu. Hall na cikin waɗanda aka sauke. Ya halarci gumurzun Inkerman na ranar 5 ga Nuwamban 1854, ya kuma kasance cikin masu ƙawanya ga birnin Sebastopol, wanda bai faɗi ba sai a Satumban 1855. Daga wannan yaƙi ya samu lambobi biyu: ɗaya daga Ingila, ɗaya daga Sarkin Musulmin Istambul.

A wannan yaƙi ne aka gane cewa ƙaramin soja ba shi da wata babbar lambar da za a ba shi daidai da hafsa, komai jarumtar da ya nuna. Saboda haka Sarauniya Victoria ta kafa Victoria Cross a ranar 29 ga Janairun 1856, a kan cewa ba za a duba muƙami ko asalin gida ba wajen bayar da ita.

Lucknow, 16 ga Nuwamban 1857

Bayan Kirimiya an mayar da Hall jirgin Shannon, ƙarƙashin Kyaftin William Peel, ɗan tsohon firaministan Ingila Robert Peel. Hall ne shugaban ma'aikatan da ke hawa doguwar sandar gaban jirgi suna ɗaurewa da kwance manyan zannuwan da iska ke tura jirgin da su, aikin da ba a ba wanda ba a yarda da shi ba.

Jirgin na gabashin Asiya saboda rikici da ƙasar Sin lokacin da labari ya zo cewa arewacin Indiya ya kama da wuta. A ranar 10 ga Mayun 1857, sojoji Indiyawa da ke aiki ƙarƙashin kamfanin Turawan da ke mulkin ƙasar sun yi bore a garin Meerut. Abin da ya kunna wutar shi ne sababbin harsasai da aka ce an shafa musu kitsen saniya da na alade, ga shi sai soja ya ciji takardar da haƙori kafin ya ɗura bindiga, abin da ya taɓa addinin Hindu da Musulmi baki ɗaya. Amma ɓacin ran ya girmi batun harsashi. Shekara guda kafin nan, Turawa sun tuɓe Wajid Ali Shah, sarkin Awadh, suka haɗiye masarautarsa mai hedkwata a Lucknow.

A Lucknow, masu bore suka yi wa Turawa da Indiyawan da ke tare da su ƙawanya a gidan gwamna. Rundunar da ta zo ceto a watan Satumba ita ma ta maƙale a ciki. Shannon ya iso Kalkata a watan Agusta, Peel ya sauke igwoginsa, aka ɗora su a kwale-kwale aka haura kogin Ganges har Allahabad, daga nan aka ja su ta ƙasa zuwa Kanpur, inda suka haɗu da rundunar Janar Colin Campbell.

Ranar 16 ga Nuwamba, rundunar ta fara da wani lambu mai katanga da ake kira Sikandar Bagh, inda aka kashe Indiyawa kimanin 2,000. Da rana ta yi, sai ta ci karo da Shah Najaf, wani gini mai ƙubba da katanga mai kauri, wurin ibadar ƴan Shi'a kuma makwancin sarki Ghazi-ud-Din Haidar. Masu bore sun ja daga a ciki suna harbi ta ramukan bango. An yi ta luguden wuta daga nesa bangon bai motsa ba. Peel ya ba da umarnin a ja igwogin, masu harba ƙwallon ƙarfe mai nauyin kusan kilo 11, har zuwa kimanin mita 20 daga bangon.

Ɗaya daga cikin igwogin ba ta da cikon mutum guda, Hall ya miƙa kansa. Cikin ɗan lokaci duk waɗanda ke kan igwar aka kashe su ko aka jikkata su, ya rage daga Hall sai Laftanar Thomas Young, shi ma da rauni. Su biyun suka ci gaba da ɗurawa da harbawa, duk lokacin da igwar ta ja baya su turo ta gaba, aikin da mutane da yawa ke yi. Gab da faɗuwar rana wani saje mai suna John Paton ya gano wata kafa a gefen katangar, da aka shiga sai aka tarar masu tsaron ginin suna janyewa. Cikin kwanakin da suka biyo baya aka kwashe waɗanda ke maƙale a gidan gwamna.

Jarumtar Hall ba abin musu ba ce. Haka kuma ba abin musu ba ne cewa ya yi ta ne a rundunar mulkin mallaka, a kan mutanen da ke neman korar baƙi daga ƙasarsu, a bakin wurin ibadarsu. A Indiya ta yau, mutane da yawa na kiran boren 1857 yaƙin farko na neman ƴanci. Mai karatu a Nijar ya san irin wannan tarihi, domin kakanninmu da suka sanya kakin Faransa an kai su Indochina da Aljeriya su yaƙi masu neman ƴancin kansu. Marigayi Oumarou Ganda, wanda shi ma ya je Indochina, a kan rayuwar irin wannan soja ya shirya fim ɗinsa Cabascabo.

Lambar da Indiyawa ba su da haƙƙin samu

Peel ne ya ba da sunayen Hall da Young, amma bai ga ƙarshen lamarin ba: cutar agana ta kashe shi a Kanpur a Afrilun 1858. Jaridar gwamnatin Ingila, London Gazette, ta buga sanarwar a ranar 1 ga Fabrairun 1859. A ranar 28 ga Oktoban wannan shekara aka maƙala wa Hall lambar a kan jirgin Donegal, a tashar Queenstown ta ƙasar Ireland. Lambar na tafe da ƙarin fam 10 a shekara ga wanda ba hafsa ba.

Da yake shi cikakken sojan ruwan Sarauniya ne, launin fatarsa bai hana shi ba. Amma Indiyawan da suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da shi a Lucknow ba su da haƙƙin samun wannan lamba, kuma haka abin ya zauna har 1911. Baƙar fata na biyu da ya samu, Samuel Hodge daga tsibiran Karebiyan, a Gambiya ya yi nasa yaƙin a 1866.

Hall ya ci gaba da aiki a jirage daban-daban har ya yi ritaya a 1876, bayan shekara 24 a sojan ruwan Ingila, ba tare da ya zama hafsa ba. Ya koma gida ya zauna a wata ƙaramar gona kusa da Avonport tare da ƴan uwansa mata biyu. Wani ɗan jarida da ya ziyarce shi a ƙarshen rayuwarsa ya ba da labarin cewa a cikin ɗan kwali ya tarar da lambobin, shuɗin ƙyallen Victoria Cross ɗin ya ɓata, an ɗaura ta da waya a jikin sarƙar agogo.

A watan Oktoban 1901, jikan Sarauniya Victoria, wanda daga baya ya zama Sarki George na biyar, ya ziyarci Halifax. A cikin jerin mazan jiya ya hango dattijo baƙar fata da Victoria Cross a ƙirji, ya tsaya suka gaisa. Shekara uku bayan nan, a watan Agustan 1904, Hall ya rasu. Aka binne shi a maƙabartar Lockhartville, babu faretin soja, babu dutsen suna. Lambobinsa suka fita daga hannun dangi suka ƙetara zuwa Ingila.

Yadda ake gane lamba ta gaskiya

Da zarar lamba ta rabu da mai ita, tambayar farko ita ce ko ta gaskiya ce. Victoria Cross guda 1,358 kacal aka taɓa bayarwa, kuma a gwanjo guda ɗaya na kai dubban ɗaruruwan fam. An ba da rahoton cewa attajirin nan Lord Ashcroft, wanda ya tara sama da 200, ya biya kimanin fam miliyan ɗaya da rabi a 2009 kan lambobin likitan soja Noel Chavasse, ɗaya daga cikin mutum uku da suka samu lambar sau biyu. Inda kuɗi ya kai haka, masu yin jabu ba sa barci.

Abu na farko da ƙwararru ke dubawa shi ne bayan lambar. Kamfani ɗaya ne ke ƙera Victoria Cross tun 1856, wato Hancocks na Landan. Ana zana suna da muƙami da runduna ko jirgi a bayan maratayin ƙarfen da ke sama, a zana ranar da aka yi jarumtar a cikin da'irar da ke bayan kuros ɗin kansa. Wannan rabuwa na da muhimmanci. An ba da Victoria Cross guda 24 kan abubuwan da suka faru ranar 16 ga Nuwamban 1857 kaɗai, 23 daga ciki a Lucknow, adadin da ba a taɓa kaiwa ba a rana ɗaya. Ke nan idan maratayi ya rabu da kuros, kwanan watan shi kaɗai ba zai faɗi mai ita ba.

Na biyu, yadda aka ƙera ta. Akasarin lambobin soja da inji ake buga su kamar tsabar kuɗi. Victoria Cross kuwa zubi ce: ana narkar da tagulla a zuba a mazubin yashi, sannan a gyara da hannu, kamar yadda maƙeran fari ke yi a nan gida. Wannan ya sa kwaikwayonta ya fi sauƙi, shi ya sa ake auna nauyi da faɗi, a kuma gwada salon rubutun da na sauran lambobin zamaninta da aka tabbatar.

Na uku, ƙarfen kansa. An daɗe ana cewa daga igwogin Rasha da aka ƙwace a Sebastopol ake yin lambar. Bincike da na'urar hasken da ke tantance sinadaran ƙarfe ya nuna cewa tun daga ƙarshen 1914 galibi daga wasu igwogin ƙasar Sin ake ɗibar tagullar, kuma ta lambobin farko daban take. Don haka lambar da ke ɗauke da 1857 amma ƙarfenta na bayan 1914 ne, ko dai madadi ce da hukuma ta bayar bayan asalin ta ɓata, ko kuma jabu ce. Ƙyalle ma na ba da shaida: na sojan ruwa shuɗi ne har 1918, lokacin da aka mayar da na kowa ja mai duhu. Sai dai ƙyalle shi ne mafi sauƙin canzawa, ba a dogara da shi shi kaɗai.

Sauran lambobin Hall kowace da nata hukunci. Lambar yaƙin Indiya ana bayar da ita da sunan soja a buge a gefenta. Ɗan damfara kan sa magagari ya goge sunan wanda ba a sani ba ya rubuta na wani sananne, amma gefen kan sirance, ma'auni ya tona asiri. Lambar Kirimiya kuwa akasari ba suna aka raba ta, sojoji da yawa suka kai wa maƙera aka rubuta musu daga baya, saboda haka sunan da ke jikinta ba ya isa hujja. Akwai kuma ƙananan ƙarafan da ake jerawa a kan ƙyalle masu ɗauke da sunayen fagagen daga, kamar Inkerman ko Lucknow. Ana duba ƙusoshin da suka haɗa su ko an taɓa kwance su an ƙara wani.

A ƙarshe duk maganar na komawa ga takarda. Rajistar waɗanda suka cancanci kowace lamba, jirgi bayan jirgi, da takardun aikin sojojin ruwa, suna ajiye a ma'adanar tarihin Birtaniya da ke Kew a Landan. Idan sunan da ke gefen lamba, da jirgin, da fagagen dagar suka dace da rajista, aka kuma iya bin sawun hannayen da lambar ta bi, to an samu tabbaci. Shi ya sa lambobin mutum ɗaya da ke haɗe suka fi daraja nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka rarraba, domin kowace na shaidar ƴar uwarta.

Dawowar suna

A 1937 ƙungiyar mazan jiya ta Kanada ta fara fafutukar ganin an karrama Hall. Daga baya aka ɗauke ƙasusuwansa zuwa harabar wani coci a Hantsport, aka gina masa dutsen tunawa a 1947. A 1967, shekarar da Kanada ta cika shekara 100 da kafuwa, aka dawo da lambobinsa daga Ingila aka nuna su a baje kolin duniya na Montreal, daga nan suka shiga hannun gidan tarihin Nova Scotia. A 2010 gidan waya na Kanada ya fitar da kan sarki mai hotonsa, a 2024 kuma rundunar sojan ruwan ƙasar ta ƙaddamar da jirgin sintiri mai ɗauke da sunansa.

Hall ya yi sa'a guda: lambarsa irin wadda ake rubuta wa suna ce, kuma an buga labarinsa a jaridar gwamnati. Lambobin da ke cikin akwatunan gidajen mazan jiya a Damagaram, Maraɗi, Tawa da Yamai ba haka suke ba. Faransa ba ta saba rubuta suna a jikin Croix de guerre, wadda aka kafa a 1915, ko Médaille militaire ta 1852 ba. Taurari da ganyen dabino da ke kan ƙyallen Croix de guerre na nuna matakin rundunar da ta yi yabon, daga tauraron tagulla na ƙaramar runduna har ganyen dabino na babbar runduna, amma ba sa faɗin wanda aka yaba. Haka taurarin yaƙin duniya na biyu da Ingila ta raba wa ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka da suka je Burma, su ma ba suna a jikinsu.

A irin waɗannan lambobi, shaidar tana cikin ɗan littafin aikin soja, da takardar yabo, da lambar rajistar sojan, da hotonsa sanye da kaki. Da cikakken suna da wannan lambar rajista ne iyali za su iya neman tarihin aikin kakansu, ta ofishin mazan jiya ko a ma'adanar takardun sojan Faransa da ke garin Pau. Masu harkar na ba da shawarar kada a goge lamba da toka ko yashi don ta yi ƙyalli, kada a jefar da tsohon ƙyalle ko da ya koɗe, kada a raba lambobin mutum ɗaya tsakanin magada, kuma a ɗauki hoton takardun da waya tun kafin gara ko ruwan sama su cinye su. Wanda ke ƙasar waje aka turo masa hoton lambar kaka ana tambayar nawa za ta yi, abin da ya kamata ya fara tambaya shi ne ina takardun suke.